Yadda nake maganin kaska da kaji huɗu a gidan haya

Da ruwa ya zauna a Zariya, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, duk wadda ke da akuya ko tunkiya a turke ta san abin da ke tafe. Ciyawa ta tsiro a bakin Kubanni da filayen bayan Hanwa da Dogarawa, yara su yanko su kawo, ko a kora dabbobin su ɗan yi kiwo, ba a jima ba sai ki ɗaga wutsiyar akuya ki tarar kaska ta yi layi. Tana hantsa, tana hamata, tana cikin kunne, tana tsakanin kofato. Ta tsakanin kofaton nan ita ke sa tunkiya ɗingishi, a yi ta neman ƙaya ba a gani ba.

Ni malamar makaranta ce, aikin gona nake koyarwa, kuma haya muke zaune, da ɗan fili a bayan ɗakunanmu. A filin nan nake da awakina da ragon layyar Malam, sai kaji huɗu. Ba ma ƙin ƙwansu, amma ba don ƙwai na ajiye su ba. Aikinsu tsintar kaska. A takardar hayarmu kuwa an rubuta ƙarara cewa ba a yarda da kiwon kaji ba. Rago a turke bai dami mai gidan ba, wane gida ne babu ragon layya? Kaji ne ba ya son gani. To ga yadda ake bi, tun daga neman izini har zuwa aikin kullum.

Da fari ki san inda kaza ke kama kaska. Macen kaska idan ta sha jini ta ƙoshi, sakin dabbar take ta faɗo ƙasa, ta lallaɓa ƙarƙashin shara ko gindin bango ta zuba ƙwai dubbai. Su ne ke ƙyanƙyashewa su hau tsinin ciyawa suna jiran mai jini ya gifta. Kenan duk ƙosasshiyar kaska ɗaya da kaza ta haɗiye a gindin turke, dubbai ne aka rage. Kuma kazar da ta saba da dabbobi ba ta tsayawa jiran ta faɗo. Rago na kwance yana tuƙa za ta zagaya shi tana cirewa daga ciki da ƙafafu, shi kuwa har miƙe ƙafa yake. A 1991 wasu masu bincike a Kenya sun wallafa abin da suka gani bayan sun saki kajin gida cikin shanu masu kaska na rabin awa zuwa awa ɗaya, sannan suka yanka su suka duba cikinsu. Wata an samu kaska 3, wata har 331, idan aka raba daidai kowace kaza ta ci 81.

Wadda ta fi yi mana ɓarna a nan ita ce babbar nan da namijinta ke da zane mai ruwan lemo a baya. Bakinta dogo ne, inda ta kafa shi sai ya zama gyambo, ƙuda ya bi. Ita ke buɗe wa kirci ƙofa a jikin shanu da damina, ita ce kuma ke kawo ciwon da za ki ga tunkiya tana zagaye wuri ɗaya, ta faɗi tana shure-shure, idan an feɗe a tarar ruwa ya taru a jakar zuciyarta. Wanda ya taɓa rasa tunkiya mai ciki ta wannan hanya ba ya raina kaska.

Da an yi maganar tsuntsun da ke cin kaska, zabo ake fara ambata. Har a Amurka, a jihohin arewa maso gabas inda kaska ke sa wa mutane cutar Laim, zabi mutane ke saye su saki a harabar gida, kuma can ma rigimar ke nan, don garuruwa da yawa sun ƙayyade yawan kajin da za a ajiye, sun hana zakara. Zabo na ci, babu musu. Amma ni a gidan haya cikin gari ban ba ki shawarar zabo ba. Katanga ba ta tare shi. Kukansa idan ya fara, sai wanda ke layi na uku ya ji. Zabuwa ba ta son yin ƙwai a akurki, sai ta tafi kangon wani ta zuba. Sannan shi kansa yakan kwaso ƙananan kaska a kai da wuya daga yawonsa ya kawo gida. Zabo na mai fili ne, irin gidajen wajen Shika, Bomo, Basawa ko Dakace, inda akwai gona a bayan gida. In kina da irin wannan wuri, kada ki sayi manya a kasuwa, guduwa za su yi. Ki sayi ƙwan zabi da damina, ki sa wa kazar da ta fara kwanci kamar 10 zuwa 12. Na kaza kwana 21 yake, na zabi sai ya kai 26 zuwa 28. Idan sun fito ki tsare su daga raɓa da sanyi a makonnin farko, don jiƙa ce ke kashe su, ki nemo musu gara. Zabin da kaza ta rena suna bin ta su shiga akurki da magariba.

Mu na cikin gari, kazar Hausa ce tamu. Ƙarama ce, ga zafin nama, ga tono, ga ido. Burola ba ta da amfani a wannan aiki, cin dusa da kwanciya kawai ta iya. Ki kuma kula da tsofaffin kaji masu ƙwai da gidajen gona ke fitarwa gab da Sallah: suna da araha, amma yawancinsu an datse musu baki tun suna 'yan tsaki, ba sa iya cafke ƙaramin abu. Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke nan Shika ta samar, kazar ƙwai ce mai jure yanayinmu, in kin samu wadda bakinta ke nan daram kuma ta taso a sake, za ta yi. Sai dai ta fi ta Hausa ci.

Ki sayi budurwar kaza uku ko huɗu, ban da zakara. Mutane da yawa na zaton sai da zakara kaza ke ƙwai. Tana yi, ƙyanƙyashewa ne kawai ba ya yi. Zakaran nan kuwa shi ne rabin ƙarar da ake kaiwa wajen masu gida, don ba kowa ke son cara tun kafin kiran assalatu ba, balle ma'aikacin da ya kwana a wajen aiki. In da hali ki saya a hannun wadda kika sani, a gidan da kika ga lafiyar kajinsa. In kuwa sai kasuwa, ko ta Sabon Gari ko ta Tudun Wada ko ta Samaru, ki duba ido da hanci ba ruwa, gindi ba zawo, ki ɗaga fiffike ki duba. Watan Maris ko Afrilu ya fi, don su san gida kafin aiki ya taso.

Amma kafin ki sayi ko ɗaya, izini.

Hanin iri-iri ne a garin nan. Akwai na takardar haya, akwai na kwatas ɗin ma'aikata inda ofishin kula da gidaje ke da rubutacciyar doka, akwai kuma wanda ba a rubuta ko'ina ba, wato fuskar maƙwabta. Ban da duba-gari na ƙaramar hukuma, waɗanda wari da ƙuda da kwantaccen ruwa suke dubawa. Abin da na lura shi ne kusan duk wanda ya hana kaji, akwai takamaiman abin da ya taɓa ɓata masa rai. Aikinki ki gano wannan abin. Kada ki ce za ki ɓoye su. Kaza ba ta ɓoyuwa, ranar da ta yi ƙwai da bakinta za ta yi shela, kuma mai gidan da ya ji a bakin wani ya fi wanda kika je kika sama wuyar sha'ani.

Mu dai Malam na sa a gaba muka je gidan mai gidanmu bayan la'asar. Bayan an gaisa na ce, "Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, alfarma muka zo nema. Kaska ta dame mu a turke, ina so in ajiye 'yan kaji su riƙa tsincewa."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "'Yata, ni ba kazar nake ƙi ba. Kashinta a bakin rijiya nake ƙi, da shari'ar shanya. Waɗanda suka tashi kafin ku, kusan kullum sai an kira ni rabon faɗa."

Kin ga an zo wurin. Sai na jera masa abin da na ɗauka wa kaina: kaji huɗu ba ƙari, babu zakara, ba za su taka tsakar gida ba, shara kullum, kuma a gwada zuwa ƙarshen damina, in wani ya kawo ƙara mai tushe ni da kaina zan kwashe su. Wannan na ƙarshen shi ya fi sa shi sakin jiki, don ya ga ƙofar fita a buɗe take. Ya ce Allah ya sa albarka. Malam ya roƙa a rubuta a bayan takardar haya, ya sa hannu, dillalin gidan ya shaida. Kada ki ji nauyin neman rubutun nan. Gida na iya komawa hannun magada ko a canja dillali, sabon kuwa takarda zai duba.

A kwatas, ki nemi a ba ki dokar ki karanta da idonki, kada ki tsaya ga "an ce". Wani wurin sakin dabbobi aka hana, ba ajiye su a killace ba, wani wurin kiwon kasuwanci ake nufi. In akwai wannan sarari, ki rubuta takarda zuwa ofishin, ki faɗi adadi da inda akurki zai zauna. In dokar ta ce sam babu, ko a bariki kike, to babu ɗin ne. Kaji huɗu ba su kai a rasa muhalli a kansu ba.

Maƙwabta kuwa, ki riga su magana. Ki shiga ɗaki-ɗaki ki faɗa, musamman wadda tagarta ke kallon bayan gida. Ƙwan farko kuma ba naki ba ne, na yaran maƙwabta ne.

Akurki na katako da raga za ki sa kafinta ya yi miki, da rufin kwano. Mai tsawon ƙafa 5 da faɗin ƙafa 3 ya ishi kaji huɗu kwana. A ɗaga shi ƙafa 2 daga ƙasa saboda ruwa da gafiya, a sa tire a ƙarƙashi wanda za ki riƙa ja kina zubarwa, ki barbaɗa masa toka ko garin katako. Ragar ta zama mai ƙananan ido, don muzuru da ɓera. A nesanta shi da rijiya da tagar mutane. Sai ki tare tsakanin filin baya da tsakar gida da raga mai tsayi, ki kuma rage dogayen gashin fiffike ɗaya na kowace kaza da almakashi. Ɗaya kawai, don in kin rage duka biyu za ta iya daidaita tashi. Gashin kawai, ba ya mata zafi, kuma yana sake fitowa, sai ki riƙa dubawa. A wani lungu busasshe ki zuba musu yashi haɗe da toka su riƙa birgima. Kashin da kika tara ki zuba a buhu ki ɗaure, masu lambu a bakin Galma da Kubanni nema suke.

Sababbin kaji su yi mako biyu a kulle kafin ki sake su, ki ga lafiyarsu, su ma su san nan ne gida.

Aikin kansa da sassafe ake yi. Ki buɗe su gari na wayewa, tun dabbobi na kwance, kuma kafin ki ba su komai. Kazar da ta cika ciki da dusa ba za ta kalli kaska ba. A kwanakin farko ki watsa ɗan tsaki kaɗan a gindin turke da ƙarƙashin dabbobin, don su saba shiga tsakanin ƙafafu, su ma awakin su daina kai musu karo. Bayan awa ɗaya ko biyu sai ki ba su abincinsu sosai: dusa, tsakin masara ko dawa, ragowar tuwo, da ruwa mai tsabta a kasko. Kada ki ce za ki bar su da yunwa wuni guda don su ƙara ƙwazo, ramewa za su yi su daina ƙwai, cuta ta samu hanya. Da yamma idan dabbobi sun dawo kiwo ki sake haɗa su kafin magariba.

Ciyawar da aka yanko daga waje, nan ne ƙananan kaska ke shigowa, waɗanda ido ba ya cika gani. Ni shanya ta nake a rana a inda kaji ke kaiwa, su tattaka su tsince, sannan a zuba wa dabbobi. Gindin turke a share shi kullum, ciyawar gindin katanga a nome. Idan dabba na da buɗaɗɗen gyambo, ki raba ta da kaji har ya warke, don jan nama suke gani su yi ta sara. Ragon da aka sayo daga kasuwa kuma a ɗaure shi gefe, a duba shi tas kafin ya shiga cikin sauran.

Duk da haka kaza ba ta gama aikin. Ba ta shiga cikin kunne, ba ta kai can ƙarƙashin wutsiya, ƙananan ma da yawa suna tsere mata. Sau ɗaya a mako ki sa a riƙe miki dabba ki bi ta da hannu. Ki sa leda a hannu, ki kama kaskar da matsefata dab da fata, ki ja a hankali ba tare da murɗawa ba, ki jefa a gwangwanin kananzir. Kada ki fasa ta da farce kamar yadda yara ke yi. Kaska mai ratsi-ratsi a ƙafa tana iya ɗauke da zazzaɓin Kirimiya-Kongo, mai sa zubar jini, kuma yana kama mutum.

Idan kaska ta yi yawa har sai an yi wanka da magani, to nan ne ake asarar kaji. Amitraz da cypermethrin su aka fi samu a shagunan maganin dabbobi. Duk wanda za ki yi amfani da shi, ki kulle kaji tukuna, a yi wankan a inda ba sa tono, kada ruwan ya kwanta, a share kaskar da ta zubo a ƙone. Kajin su zauna a kulle wasu kwanaki, ki tambayi likitan dabbobi ko nawa ne ga irin maganin da kika saya. Ki bi awon da ke jikin kwalba, "ƙara kaɗan don ya fi ci" shi ke kashe 'yan awaki. Ragon layya kuma a lissafa kwanakin da aka ce a jira kafin yanka. Masu dawaki, ga mu a garin hawa, su sani amitraz guba ne ga doki. Piya-piya da maganin feshin gona kuwa ba na jikin dabba ba ne, ba na akurki ba ne, ko wa ya ce miki ya gwada.

Masu karen gadi su ma kan tambaye ni. Kaskar kare, 'yar ja-ja ɗin nan, bango take hawa ta shige tsaga, har cikin ɗaki tana hayayyafa. Kaza za ta tsinci wadda ta faɗo ƙasa, amma ba ta hawa bango. Wannan sai an yi wa karen magani, an toshe tsagogin ɗakinsa da siminti.

Su kansu kajin suna da tasu kaskar, kuma dalilin da ya sa na ce katako da raga ke nan, ban ce akurkin ƙasa ba. Halinta irin na kuɗin cizo ne: da rana tana cikin tsaga, da dare ta fito ta sha jini ta koma, kuma tana iya fin shekara ba ta ci komai ba tana jira. In kin ga kaji suna ƙin shiga akurki da magariba, ko tukkunsu ya yi fari, ki haska tocila cikin dare ki duba mahaɗar katako. Ki fitar da akurkin rana, ki kwarara masa tafasasshen ruwa a kowane lungu, ya bushe, a shafe shi da farar ƙasa. Tsohon akurkin da wani ya ba ki kyauta ma haka za ki yi masa kafin ya shigo gida.

Sai rigakafi. Cutar Niyukasul, wadda ke share kajin unguwa da hunturu, kaza ta yi zawo kore, wuya ya murɗe, ba ta da magani sai rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato na yin sa, ana ɗigawa a ido ko a sa a ruwan sha, a maimaita duk wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, kuma da an haɗa ba ta ajiyuwa, don haka ku haɗu da masu kaji na layinku a yi rana ɗaya. Mu a Zariya ba mu da uzuri, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga malaman dabbobi a gari.

In mai gida ya ƙi duk da kin bi ta lalama, ki yi godiya ki tashi. Shara, shanya ciyawa, bin dabba da hannu da wankan magani a kan lokaci za su riƙe ki. Wasu kuma kai ragon suke gidan 'yan'uwa a cikin birni inda kaji ke yawo a tsakar gida, su riƙa aika dusa da harawa.

In kuwa an ba ki izinin, akwai lokacin da ba ya aiki. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 da aka fara tabbatarwa a Afirka a Fabrairun 2006, a wata gona ce a Jaji, nan kan hanyarmu ta Kaduna, kuma tun daga lokacin takan dawo. Duk sanda hukuma ta yi sanarwar ɓullarta, kaji su zauna a akurki, kada ki sayo sababbi, kada yara su taɓa mushen tsuntsu. Idan kika wayi gari biyu sun mutu lokaci ɗaya ba tare da wani dogon ciwo ba, kada ki yi saurin yanka sauran a ci, kada ki kai kasuwa. Ki sa leda a hannu ki ɗaure mushen a wata ledar, ki wanke hannu da sabulu, ki kira likitan dabbobi, sannan ki aika a gaya wa mai gidan da maƙwabta masu kaji tun kafin rana ta yi.